Ɗorawar Iya Delu

Akwai ranar da ba ta fita raina ba cikin aikin bututun gas, ranar da muka isa gonar Malam Tanimu.

Ku da kuka zo bayanmu, bari in faɗa muku yadda ake yi. Masu safiyo su ke fara wucewa, su kafa turaku masu jan ƙyalle. Abin da ke tsakanin turakun, gwamnati ta karɓa don amfanin jama'a. Za a biya diyya, amma ba a barin gini ko itace a wurin, domin saiwa tana taɓa bututu. Ni aikina shiga gidaje. Inda maza ba sa shiga, ni ke kai wa mata bayani, in kawo amsa. Daga Tudun Wada mota ke ɗaukata kullum.

To, bazara ce. Katafila na tsaye a bakin gona, ga wata ƙatuwar ɗorawa a tsakiyar layi, 'ya'yanta ba su nuna ba. Injiniya Bulus, shugabanmu, ya ce wa Malam Tanimu ya dangwala hannu, gona da itace.

Malam ya ce, "Gona tawa ce, ranka ya daɗe. Ɗorawa kuwa ta Iya Delu ce. Da ubanta ya sayar wa ubana gonar, bai haɗa da ita ba."

Injiniya ya ce, "Mu a wurinmu mai ƙasa shi ne mai itace."

"A wurinku ke nan. Ni ko inuwarta aro nake."

Sai aka aike ni. Na tarar da tsohuwa tana sussukar kalwa, wato ƙwayar ɗorawa. Daddawa ce abincinta, ita da marayun ɗanta. Na yi bayani, ta saurara har na gama.

Ta ce, "'Yar nan, bututun ba ya lanƙwasa ne?"

Na ce, "Iya, sun ce ba ya yi."

Ta ajiye taɓarya. Ta ce, "To ba na ja da gwamnati. Amma ba a sare itace da 'ya'ya ɗanye. Su bari ta nuna."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Mai katafila ya ce mini, "Inna, injin nan ba ya jiran miya." Injiniya bai yi dariya ba. Ya koma gefe ya yi waya da ofis, ina jin ana ɗaga masa murya. Ya dawo ya ce a fara ta ɗaya ƙarshen layin, a kuma sa sunan Iya daban a takardar diyya.

Da ɗorawar ta nuna, aka kaɗe ta tas. Rannan Iya ta zo ta tsaya har itacen ya kai ƙasa. Sannan ta kwance bakin zane, ta fito da kalwa, ta ce, "Tanimu, ka ara mini nan, bayan turke." Ya ce, "Shuka, Iya."

Tun daga ranar, ba na shiga gida in tambayi mai gona kaɗai. Sai in ce: wa ke da itacen?