Rana Ɗaya Ta Aike Ni

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa helikwafta a sararin Jidda, kuma duk sa'ad da na ratsa ta kudu sai na leƙa gidanmu na Karantina. Ba shi da wuyar ganewa: shuɗin tankin ruwa a kan rufi, da dogon yaron da babanmu ya shuka a tsakar gida. Ba wanda ya sa ni, ido ne kawai ya saba.

Sai abu biyu suka haɗe mini a shekara guda. Kamfaninmu ya ce ya daina harkar helikwafta, wanda ke son zama sai ya koma jirgi mai fiffike, kuma ya kawo shaidar tuƙi da na'ura, wato tuƙin da ake yi cikin gajimare ba a ganin ƙasa. In babu shaidar babu aiki, in babu aiki iƙama, wato takardar zama, ta faɗi. Ni da aka haifa a nan, ina zan dosa da mata da 'ya'ya uku? Ana cikin haka aka shafa wa gidajen Karantina jan fenti, aka ce a tashi, rushewa za a yi. Muka kwashe Umma zuwa Waziriyya wurin yayata, aka killace unguwar.

Na ɗauka shaidar ba za ta ba ni wuya ba, tunda ina da irinta ta helikwafta, ga lasisin mai fiffike na riga na karɓa. Ashe da sauran rina a kaba. Sai na yi sa'o'i goma sha biyar da malami cikin mai fiffike, da doguwar tafiya mai sauka iri uku, sannan jarrabawa a sama. Ga Jidda kuwa gajimare sai an yi sa'a, don haka ake ɗaura maka wani tabarau da aka rufe samansa, ba ka ganin komai sai agogunan da ke gabanka. Ana tashi a sa maka, ba a cirewa sai kana dab da sauka. Hanyar saukar kuma ta kan Karantina take bi.

Umma ta san da haka. Kullum na shiga gaishe ta, kafin in zauna za ta ce, "Gidan yana nan?" In ce, "Umma, idona a rufe yake." Ta ce wane irin tuƙi ne wannan na makafi. Na roƙi malamina, wani dattijo ɗan nan Hijaz, ya duba mini. Ya leƙa ya ce shi duk rufin ɗaya yake gani. Haushi ya kama ni, amma gaskiyarsa ce.

Wata rana na kasa daurewa. Da na ga agogo ya nuna mun iso wurin, na karkata kai in saci kallo ta gefen tabarau. Hannuna kuwa ya yi abin da ya saba: mai helikwafta in yana son ganin abu, jan sitiyari yake yi baya ya rage gudu, har ya tsaya cak a iska. Mai fiffike ba ya tsayawa, faɗowa yake yi. Ƙarar gargaɗi ta cika jirgin, malam ya ƙwace sitiyari ya danna gaba.

"Ya kaftin," ya ce, ko murya bai ɗaga ba, "wannan ba ungulunka ba ce. Ka yi haka ran jarrabawa, ka faɗi, shi ke nan."

Kunya ta ishe ni, kuma ko tankin ban gani ba.

Ana gobe jarrabawa wani tsohon maƙwabcinmu ya zo da labarin cewa motocin rusau sun kai bakin layinmu. Na kasa zama wuri ɗaya, in buɗe littafi in rufe, in fita baranda in dawo. Umma ta kira ni ta ce, "Gobe ka duba mini. Sau ɗaya kawai. In yana tsaye in sani." Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga ta san bayanin, ba shi take nema ba. Na ce to.

Mai jarrabawar bai da yawan magana. "Yalla," ya ce, ya miƙo tabarau. Muka yi zagayen jira, ya rufe mini wasu agoguna, na yi sauka biyu lafiya. A ta uku aka juyo da mu ta kudu. Na san daidai inda muke, har layin zan iya nunawa da yatsa. Wuyana ya yi tauri. Karkata kai kaɗan ne, ɗan lokacin da bai kai ƙiftawa uku ba. Na tuna 'ya'yana da takardunsu da ke rataye da tawa, na kafe ido a kan allurar agogo ina karanta lambobi a fili kamar mai hadda, har muka wuce. Da ya ce in cire, titin sauka ne kawai a gabana.

Na ci. Ya sa hannu, ya ce mabruk.

Daga filin jirgi Waziriyya na nufa. Umma na zaune a tabarma tana gyaran ganyen mulukiyya, wato lalo.

"Ka ci?"

"Na ci, Umma."

"Alhamdu lillahi. Gidan fa?"

"Ban duba ba."

Ta ci gaba da tsinke ganyen. Can ta ce, "Shekara nawa kana leƙensa ba wanda ya aike ka. Rana ɗaya na aike ka."

Bayan mako biyu na bi ta wurin ido buɗe. Fili ne fetal, na kasa gane ko ina layinmu yake. Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.