Ƙafata ta tsaya Maraɗi, gonata ta dawo

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Wasu sun ce na karye, wasu sun ce bashi ya kore ni Najeriya. Na san masu faɗi. Ina nan Tasawa, ƙafata ta hagu ce kawai ba ta dawo gida tare da ni ba.

Ƙusa na taka a wurin injin niƙana, ko zafi ban ji ba. Ni da na fara da saida esans, wato fetur, a kwalba bakin hanya har na kafa inji na sayi gona, ƙusa ce za ta kai ni likita? Na ɗaure da tsumma. Ƙishirwa da yawan fitsarin da ke damuna kuwa, na ɗora wa zafin gari.

Sai da ƙafar ta fara wari matata Hajara ta tsare ƙofa ta ce yau sai likita.

Majo, babban malamin asibiti, ya soki yatsana ya duba jinin. Ya ce, "Malam Hamisu, sukari ne, kuma ya daɗe. Wannan ƙafa sai Maraɗi."

A Maraɗi aka shiga awon jini, hoto, ƙarin ruwa, wankin ciwo kowace safiya. Duk ordonans, takardar magani, da aka miƙo, Hajara ta nufi farmasi, ta dawo bakin zanenta ya ƙara sauƙi. Rannan dokta ya tsaya kaina ya ce, "Ƙafar ta riga ta tafi. Kar ta ja ka."

Na ji tsoro. Ban taɓa faɗi ba sai yau.

Kuɗinmu sun ƙare kafin a yi aikin. Sai ga Sallau, taubashina, ɗan gwaggona mai sayen hatsi, da jika ɗari huɗu na sefa a aljihu. Ba wanda ya aika mashi. Ya ce in jinginar mashi da gonata ta Maijirgi, ya noma har ranar da na biya. Na yarda, zazzaɓi na kaina. Amma saurin nan nashi ya tsaya mani a rai.

Aka yanke ƙasan gwiwa. Na koyi tafiya da sanduna kamar yaro mai tatata.

Na dawo na iske bashi uku: farmasi, mai gazuwal, man da injina ke sha, da Sallau. Na sa aka ɗora mani kujera gaban inji, ni ke karɓar kuɗi da hannuna. Abin da aka samu a yini, magani farko, don in na sake kwantawa komai ya rushe. Sannan cefane. Saura na bashi ne, ko dala ba ta fita. Shayin da nake dafa wa ƴan fada na tsaida, cikin sati fadar ta watse, na ƙaru da sani. Hatsin gida da tiya, kwanon awo, ake aunawa. Dusar da ake bar mana a inji, da ita muka kiwata raguna biyu. Na gama da farmasi, na gama da mai gazuwal.

Bayan kaka aka kawo mani labari: Sallau ya sauko da wani makiyayi daga wajen Isawan, shanu suna kwana a gonata.

Duk manomi ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ya zuba taki, ba a tashe shi sai ya ci takinshi, shekara biyu ko uku. Gonar da ta daɗe hannun mutum kuwa, ƴaƴanshi tashi suke su ce ta ubansu ce.

Ya zo gaishe ni, na tare shi da zancen.

"Sallau, shanun me ke gonata?"

Ya yi dariya. "Haba bawana, gyara maka nake. Yashi ka ba ni, ba gona ba. Kuma kai da ƙafa guda, kunya nawa za ka kai?"

"Da kuɗi nake noma tun ina da biyu."

"To kawo kuɗin mana, mai kuɗi!"

Matsalar taubashi ke nan. Zai faɗa maka abin da ke ranshi tsaf, in ka ɓata rai a ce ba ka san wasa ba.

Hajara ta ce, "Mutumin da ya ceci ranka kake zargi?" Na ce ceton rai daban, gona daban.

In ruwan farko ya sauka Sallau ya yi shuka, shekarar ta tafi. Na saida babur ɗina, tunda ba hawa zan sake ba, amma da mai saye ya tada shi sai da na juya baya. Ragunan suka bi. Hajara ta kawo kwasar adashenta, tana faɗa tana miƙowa.

Aka ɗora ni amalanke har ƙauyen Maijirgi. Gaban mai gari da liman na aje kuɗin. Na ce a yi wa takin kuɗi shi ma, in biya da kaka.

Sallau ya kalli kuɗin bai taɓa ba. Sannan ya ce, "Takin na bar maka, gurguna. Ashe ka ɗauka cinyewa zan yi?"

Bai yi dariya ba. Ya kwashi kuɗinshi, gona ta dawo hannuna.

Har yau ban sani ba, gyaran yake ko kafa ƙafa yake. Wanda ya ce ya sani, ƙarya yake.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da masu wankin ciwon da ba su taɓa toshe hanci ba. Hajara, Allah ya biya ki. Sallau, ba don kuɗinka ba da yanzu wani labari ake, na gode, kuma da gaske nake.

Ku kuma, in ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, ku je a auna sukari. Ciwon ƙafar da ba ya zafi ya fi mai zafi haɗari. In dole ta kai ku jingina, ku kira shaidu masu lafiya, a yanke maganar taki tun ranar.

Bana gero ya yi kyau a Maijirgi, ban taɓa ganin irinshi ba. Na aika wa Sallau dami goma. Ya maido. Na sake aikawa.