Sirdi Mai Ƙaho Huɗu

Baba mai yin sirdi ne. Na tashi na tarar da zaurenmu yana warin fata da itacen aduwa, ga likkafa da linzami rataye a bango. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" yake ce mini, har na yi furfura. A hannunsa na koyi ɗinki, amma da dawakai suka ragu a ƙauyuka, babura suka yi yawa, sai na koma ɗinkin kujerar babur a cikin Haɗeja. Bai hana ni ba. Ya dai ce mai ɗinka soso da leda kada ya kira kansa baduku a gabansa.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Haɗeja da Auyo. Can cikin fadama Baba yana da gonar shinkafa wadda ya sare da hannunsa tun yana saurayi. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, baki ya dawo, hannu ya dawo kaɗan, amma ƙafar hagu ta ƙi. Kaka uku ya yi bai ga gonar ba. Ni da ƙannena muke nomawa, kullum muka dawo sai ya tare mu.

"Ta fid da kai? Ruwa ya kai gindin tsamiya?"

Mu ba shi amsa, ya girgiza kai. "Idonku ba nawa ba ne."

Hanyar gonar ce matsala. In ruwa ya fara janyewa, taɓo ba ya barin babur ya wuce, kwalekwale kuma ba ya samun zurfi, ga ciyawar kacala ta toshe mashigar. Na ce mu ɗora shi a amalanke, ya ce shi ba buhu ba ne. Muna da tsohuwar goɗiya mai sanyin hali wadda ta san hanyar, amma sau ɗaya muka gwada ɗora shi, ƙafar ta kasa taka likkafa, ya zame gefe, da ƙyar na tare shi. Daga ranar bai ƙara maganar hawa ba. Ya rage cin abinci, ya daina fitowa zaure.

A wannan shekarar ce na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama, mu goma sha wani abu, a ajin firamare, gwiwoyinmu suna dukan bencin yara. Malaminmu tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ya san sana'ar gidanmu, sai wata rana ya zo mini da wani tsohon littafin tarihi mai hotuna, bangonsa ya cire. Ya buɗe wani shafi ya ce, "Alhaji baduku, ga aikin gidanka. Ka karanta, ka zo ka gaya mana."

Kwana uku na yi a kan shafin nan, ina bin sa da yatsa. Labarin mayaƙan dawakai ne na Rumawa da Farisawa. Ni a wa'azi kawai nake jin sunansu, ban taɓa tunanin suna da dukawa ba. Shafin ya ce Farisawan farko shimfiɗa kawai suke ɗora wa doki su ɗaure. Daga baya Rumawa suka riƙa hawa sirdi mai ƙaho huɗu, biyu gaba, biyu baya, Farisawa ma suka yi irinsa. Da na zo layi na gaba sai na tsaya, na sake karantawa, don na ɗauka ni ne na yi kuskure. Ba su da likkafa. Ƙahonin ne ke riƙe mahayi, ya jefa mashi, ya kai sara, bai faɗo ba.

Da safe na kai wa Baba littafin ɗakinsa. Na durƙusa na gaida shi, na ce zan karanta masa wani abu. Ya saurara har na gama, ina tuntuɓe.

"Mutanen da aka ce sun ci duniya, ba su da likkafa? To ai jaki suke hawa."

Can sai ya miƙo hannun dama. "Matso da hoton nan."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mini, ya juya fuska bango.

Na ƙudura zan gwada yi masa irin na hoton, na sauko da wani tsohon sirdinsa daga rataya, na kware fatar, na cire kwacciya, wato tudun sirdi, ta gaba da ta baya. Na sassaƙa ƙahoni huɗu na aduwa, na kafa su a tsaye cak kamar turaku. Na ɗora wa goɗiya na hau a bayan gida. Tana yin taku biyar na ji ina zamewa, ƙahonin gaba suna sukar cikina, cinyoyina kuwa babu abin da ya riƙe su.

Ashe Baba yana kallona ta taga.

"Kai wannan! Turken awaki kake yi ko sirdi? Kawo shi nan."

Ranar ce ya fara fitowa zaure bayan wata biyar. Muka ɗauko shi muka jingina shi da bango. Ya shafa itacen da hannunsa mai lafiya, ya ce na baya su tsaya yadda suke, su tokare ƙugu, amma na gaba dole su kwanta waje, su rufo kan cinya. "In ba haka ba, me zai hana mutum tashi? Ko mai zanen bai taɓa hawa doki ba, ko kai ne ba ka iya kallo ba."

Na koma shafin. Akwai wani layi mai dogayen kalmomi da na tsallake saboda ya ba ni wuya. Na zauna na haɗa shi baƙi da wasali, sai ga shi abin da Baba ya faɗa ne daidai: ƙahonin gaba a karkace suke, su danne cinya. Na karanta masa. Bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa yana motsi.

"To, ashe Rumawan sun san aiki."

Mako biyu muka yi. Shi ne ido, ni ne hannu. Ya hana ni sa ƙusa, ya ce a ɗaure da ɗanyar fata a jiƙe, in ta bushe ita za ta matse itacen da kanta. Na so in sa soso a jikin ƙahonin don kada su ji masa ciwo, na ɗauka zai yi faɗa. Ya latsa soson da yatsa, ya ce, "Sa kaɗan. Kada ka gaya wa kowa."

Ranar da za mu tafi gona, da hantsi, muka ɗaure sirdin a goɗiya da majayi, muka ɗora shi. Ya zauna daram. Na girgiza sirdin, bai motsa ba. Har na kama ragama, sai ya dubi ƙafafunsa suna reto.

"Sauke ni."

"Baba, lafiya?"

"Ni da na yi wa mutanen ƙasar nan sirdi shekara da shekaru, in ratsa gari ba likkafa, ƙafa tana lilo? Sauke ni, na ce."

Na tsaya riƙe da ragama. Shinkafa ta nuna, saura kwanaki a yanke. In ya sauka yau, sai wata kakar, in da rai. Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na shiga zaure na ciro likkafarsa ta tagulla daga bango, na ɗaura ta a sirdin Rumawa. Na durƙusa na ɗauki ƙafar hagun da hannu biyu, na sa ta a ciki, na gyara mata takalmi. Sannan na ja babbar rigarsa na rufe ƙahonin.

Ya duba dama, ya duba hagu. Ya ce, "Ba ni linzamin. Kai bi ta gefe."

Haka muka ratsa gari, mutane suna fitowa suna masa barka. A cikin taɓo goɗiya ta yi tuntuɓe sau biyu, amma ƙahonin suka riƙe shi. A bakin fadama muka tarar da taubashinsa, wani tsohon masunci, yana gyaran koma.

"A'a! Wa nake gani? Ai na ɗauka ka mutu, har na fara zawarcin goɗiyar."

"Kai da ba ka iya hawan ko kwalekwale ba sai an riƙe maka? Matsa, kana wa dokina ƙarnin kifi."

Da muka kai gindin tsamiya ya ja linzami. Shinkafa ta yi jawur har iyakar gani, tsuntsaye suna tashi suna sauka. Ya daɗe yana kallo, na kau da kai na bar shi. Daga baya ya ce in tsinko masa kai ɗaya. Ya murza a tafin hannu, ya hura, ya ciza ƙwaya.

"Kun bar ruwa ya kwanta a kusurwar gabas. Na gaya muku idonku ba nawa ba ne."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Amma ta yi." Ya zuba sauran ƙwayoyin a aljihu, ya karkata kan goɗiya wajen gabas. "Kai wannan, biyo ni in nuna maka inda za ku fasa wa ruwan hanya."