Faifan da Yaya Ya Goge

Yayana bai yarda akwai tsohon abu a duniya ba, sai dai abin da ba a goge ba. Sana'arsa ke nan. Yana zuwa Dubai sarin wayoyin da Larabawa da Turawa suka gaji da su, ya baje su a kan darduma, ya ɗauko kwalbar sifirit da auduga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sai ya hango haƙoransa a jikin gilashin. Daga nan sun zama "kusan sabbi", a zuba a kwali, a kai wa masu kago su yi jigila, sai Kano. Shi da abokan sana'arsa duk kanwar ja ce. Ka ba ɗayansu jaririnka ya riƙe maka, kafin ka juyo ya fara duba inda ke bukatar auduga.

Ni nas ce a wani asibiti a nan Dubai, ina zaune da mijina a unguwar Al Qusais, ɗaki da falo. A takardar haya falon namu ne. A zahiri siton Yaya ne, duk sanda ya shigo gari a nan yake sauke kaya, a nan yake gogewa, a nan yake cin tuwon da na tuƙa yana faɗa mini cewa na rame.

Abin da ya haɗa ni da shi faifai ne, irin na garmaho, kuma asalin maganar Baba ne.

Baba yana saurayi ya yi wa wasu Amurkawa masu haƙar rijiyar burtsatse direba, a ƙauyukan Haɗeja. Ɗaya daga cikinsu yana yawo da garmaho da tarin faya-fayan garinsu, kiɗan rawa na makiyayan shanu, da goge irin nasu da ganga. A cikin kiɗan akwai wata jita da ba a rungumar ta. Kwantar da ita ake yi a cinya, ana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, sai sautin ya riƙa zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da ya yanke ba. Baba yana kiranta jita mai shagwaɓa. Da aikin ya ƙare Baturen ya bar masa faifai guda, wanda ya fi so. Faifan ya fashe tun kafin a haife ni, wata damina da rufin ɗaki ya rufto. Abin da ya rage shi ne fito. Da fiton wannan kiɗa Baba yake wanke mota, da shi yake aski, da shi muke gane ya shigo layi.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Ko sunana ba ya iya kira. Fito ma ba ya yiwuwa da karkataccen baki, amma kiɗan bai fita ba, ya koma maƙogwaro, yana rera shi can ciki idan an jingina shi da filo. Na ga irin wannan a wurin aiki, mutum ya rasa kalma ya riƙe waƙa. Na kuma ga yadda abin yake dusashewa in ba a ciyar da shi ba. Da na je hutu na lura Baba ya fara tsayawa a tsakiya yana lalube. A nan na ƙudurta sai na sa masa kiɗan nan na ainihi a kunne kafin ya kuɓuce masa.

Ban san sunan kiɗan ba, ban san masu kiɗan ba, wanda ya sani kuma ba ya magana. Na naɗi rerawar Baba a waya, na dawo Dubai, na shiga wani zaure na intanet inda masu tara irin waɗannan faya-fayai suke haɗuwa. Tsofaffin Turawa ne da aiki ya sallama, masu iya shafe mako suna zagin juna a kan kaurin allura. Da yawansu sun zuba mini bayanin da ban tambaya ba. Wani ma ya tambaye ni ko a Afirka muna da lantarki. Amma a cikinsu akwai wani dattijo daga Texas da ya saurari Baba da kunnen basira. Ya ce ya san kiɗan. Wata ƙaramar ƙungiya ce da ke yi wa mutane kiɗa a gidajen rawa na ƙauye, wani ƙaramin kamfani ya buga musu faifai kaɗan, kamfanin ya mutu, kuma ba wanda ya taɓa kwashe sautin zuwa kaset ko wani abu. Shi kansa ya taɓa mallakar guda, ambaliya ta cinye. Hoton takardar tsakiyar faifan kawai ya rage masa, ya turo mini: ja ce, da zanen injin iska mai jawo ruwa daga rijiya. Ya ce mutanen yankinsu da yawa sun yi aikin mai a ƙasashen Larabawa, sun tafi da faya-fayansu, in duba kusa da ni.

Neman tsohon abu a Dubai aiki ne na wanda bai da hankali. Garin nan gini in ya kai shekarun ɗan sakandare sai a fara yi masa kallon kaka. Amma tsofaffin kaya ba sa ɓacewa, ɓoye su ake yi. Akwai manyan sito a bayan unguwarmu da kuma can Al Warsan, inda ake jibge kayan baƙin da suka tattara suka koma gida, ko suka mutu 'ya'yansu suka sayar da komai a dunƙule. Kujeru, firji, keken motsa jiki da ba a taɓa hawa ba. Ranakun hutuna a nan suka ƙare, cikin zafin da ke sa mayafi ya manne a wuya, ina nuna wa masu sito hoton jar takarda suna kallona kamar mai neman kuɗin aljanu. Na sami faya-fayan Indiya, na sami na Larabawa, na sami waɗanda aka huda aka mayar agogon bango. Sai wata rana wani ɗan Pakistan da na bar wa lambata ya kira ya ce an kawo kwali cike da baƙaƙen faranti daga gidan wani tsohon Bature.

Na garzaya sitonsa, a tsugune na bi su, ɗaya bayan ɗaya. Duk irin kiɗan ne, jita mai shagwaɓa kwali guda. Can wajen ƙasa na ga ja, na ga injin iska. Ƙura ta mayar da faifan toka-toka, ga wani farin fumfuna a gefe, amma ba tsagewa ko ɗaya. Na biya, na rungume kwalin har gida ban yarda direban tasi ya sa shi a but ba.

Dattijon Texas ya yi murna kamar shi ya tsinta. Ya kafa mini sharuɗɗa. Kada in sa shi a tsohon garmaho, allurar ƙarfe cin faifai take yi. In sayi na'ura ta zamani, in yi odar allura ta musamman mai kauri. In ajiye su a tsaye. In za a wanke, ruwa zalla da burushi mai laushi. Ya kuma maimaita mini abu guda har ya gundure ni: irin waɗannan tsofaffin faya-fayai da wani ƙaro ake yin su, duk abin da ke da sifirit narkar da su yake yi. Na sayi na'urar, na yi odar allurar, na jingina kwalin a bayan kujera ina jira. Ban taɓa jin kiɗan nan daga ko'ina ba sai daga bakin Baba, ga shi yanzu a falona, a kulle cikin faifai.

Ana cikin jiran ne Yaya ya sauka, da jakunkunansa da ƙamshin turarensa mai hawa kai.

Na ce, "Yaya, don Allah kwalin nan na bayan kujera kada a taɓa. Faifan Baba ne, wanda yake rerawa. Na samo shi."

Ya zaro ɗaya da yatsa biyu, ya hura, ya yamutsa fuska. "Wannan dattin za ki kai wa Baba?"

"Ba faifan zan kai ba. Sautin zan kwashe in sa masa. Allura nake jira."

Ya ce, "To, khalas, shi ke nan," ya mayar. Wayarsa ta yi ƙara, ya shiga rigima da mutanen kago a kan kwantena.

Washegari ina da aikin safe. Da la'asar na dawo, tun daga bakin lif na ji warin sifirit. Ban damu ba, warin Yaya ke nan. Na buɗe ƙofa na tarar da shi a kan darduma ya naɗe hannun riga, wayoyinsa a gefe guda an gama da su. A gabansa kuma faya-fayaina ne a jere, a kwance, baƙi wuluk suna ɗaukar ido. Kusa da gwiwarsa ga tulin auduga, ita ma baƙa ƙirin.

Ya ɗago yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "Zo ki gani, ƙanwata. Kin ga dattin da ya fita? Wallahi ina gogewa yana fitowa, ina gogewa yana fitowa. Sai da na aika aka ƙaro mini auduga."

Na kalli tulin audugar. Abin da yake kira datti shi ne kiɗan. Jitar, da gogen, da gangar, da duk wahalar da wasu bayin Allah suka sha a gaban makirufo tun kafin a haifi uwarmu, ga su nan a dunƙule a auduga za a zuba a shara.

Na ce, "Yaya, na ce kada a taɓa."

"Haba, ke kuma. Gyara na yi miki. Kayan da za a danganta da Baba a bar shi da fumfuna? Mutane su ce muna Dubai mun aika masa da bola?" Ya ɗauko mai jar takardar, ya juya shi a hasken taga. "Wannan da na ga kin sa shi a gaba, shi na fi ba wa lokaci. Dubi, har fuskarki za ki gani. Kuma kin ga ban bari sifirit ya taɓa takardar ba. Mu a sana'a ba a jiƙa lamba. Kaya in ba lamba ai ba kaya ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Ya zagaye jar takardar da kulawa, ya bar mata zobe mai faɗin ɗan yatsa da ƙurarsa. Sauran faifan kuwa ya yi sumul, layukan sun narke sun haɗe, yana ɗan danƙo a hannu. Mutumin da bai taɓa sauraren abu ya kai ƙarshe ba a rayuwarsa, ya san darajar takarda.

Ban zage shi ba. Yayana ne, a gidanmu ba a yi. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Ina jin sa ta ƙofa yana gaya wa mijina cewa matsalar 'yan boko ke nan, ka taimake su su ɓata rai. Raina shi na yi a ranar, raini mai sanyi wanda har yau bai sauka ba. Ban yi masa kallon mugu ba, da ma mugun ne da na san inda zan ajiye shi. Mutum ne da ya tsufa yana shafa bayan abubuwa, bai taɓa tambayar me ke cikinsu ba, kuma yana tafe da tabbacin cewa duniya bashi take ci a wurinsa na godiya.

Allurar ta iso bayan ya koma Kano. Na ɗora faifan don dai in cire rai. Allura ta sauka, ta fara sulɓi, ba abin da ke fita sai shuuu, kamar an zuba albasa a mai. Na bar ta tana tafiya. Da ta isa zoben nan mai ƙura na kusa da takarda, sai jitar ta ɓullo. Ta zame sama, ta tsaya tana rawa, ta gangaro a hankali, ganga ta rufe. Tsawonsa bai wuce a yi sallama a amsa ba. Ƙarshen kiɗan ke nan, shi kaɗai ya tsira. Ta fi yadda Baba ya kwatanta daɗi. Na kwashe shi a kwamfuta, na tura wa dattijon Texas. Bayan kwana biyu ya rubuto ya ce in adana shi da kyau, don a saninsa wannan guntun shi ne duk abin da ya rage.

A Kano kuwa labari ya riga ni isa. Yaya ya gaya wa dangi cewa an samo faifan Baba a Dubai, shi ya gyara shi da hannunsa. Saboda haka ranar da na kira ta bidiyo, shi ne a bakin gado, ya sha babbar riga, ya riƙe waya saitin fuskar Baba. An jingina Baba da filo, an sa masa hula.

Na ce, "Baba, saurara." Na kunna.

Jitar ta zame sama. Na ga idon Baba ya buɗe, na ga lafiyayyen ɓarin bakinsa ya motsa. Ya gane ta. Ya ja numfashi zai bi ta, sai ganga ta rufe, shiru ya biyo baya. Ya jira. Ya kalli wayar, ya kalle ni. Sannan ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya miƙe ɗan yatsa yana juya shi a iska, yana mayar da shi baya, yadda ake ɗage allura a kai ta bakin faifai.

Yaya ya leƙo da fuskarsa cikin wayar har ta cika allon, tana sheƙi.

Ya ce, "Ke, ba ki gane ba ne? Cewa yake ki sa daga farko. Yalla, sa mana daga farko, Baba yana jira."