Bahaguwar da Na Je Nema a Misfala

Mun tashi da asuba daga Kano a bayan motar kaya, a kan buhunan garin dawa da kuka. Niyyata biyu ce: in sauke farali, in kuma raba wata gardama. Ni ne mai ajiye takardun gundumarmu, kuma ni aka ɗora wa rubuta tarihin garin. Da na kawo babin wata mata bahaguwa wadda ta ci abinci da dambe a zamanin iyayenmu, dattawan majalisa suka ce tatsuniya ce: ko in kawo sunanta da shaida, ko a cire babin. Na kuwa sami labarin tana raye a Makka.

Hanyar Sudan sawu ce kawai cikin rairayi. Mun tura motar fiye da yadda ta ɗauke mu. A Sawakin, bakin teku, ruwan sha ya fi turare tsada, a jirgin ruwa kuma abokan tafiyata suka yi ta amai suna yafe wa juna har Jidda.

Bayan an sauko daga Arfa na nufi Misfala, unguwar da ake jin Hausa a kowane lungu, ga masu waina, ga masu shayi. Nan na yi kuskure. Na tsaya gaban rumfar maɗinka, na tambayi gidan bahaguwa 'yar dambe da ƙarfi. Kekunan ɗinki suka tsaya. Wani dattijo ya ja ni gefe.

"Malam, a nan ba a kiran mutum da abin da ya baro a gida. Wanda ya zauna a Makka sabon mutum ne."

Duk da haka ya kwatanta mini gidan. Ɗanta, ɗan kasuwar yadi, haifaffen can, ya tare ni a ƙofa, na faɗa masa abin da ya kawo ni. "Ya shaihu, aibu ne! Mahaifiyata Hajiya ce. Halas, magana ta ƙare!" Sai muryar tsohuwa ta fito daga bayan labule: "Bar shi ya zauna, kai. Da ina da sauran hannu, da kai zan fara."

Kwana uku ina zuwa da hantsi, tana magana ina rubutawa. Mahaifinta mahauci ne, bai sami ɗa namiji ba, ya koya mata ɗaure hannu. Da kaka takan bi kasuwanni da makaɗanta, manoma na ba ta dammunan gero da zannuwa. Da 'yan mata suka ƙi shiga da ita, aka fara kawo samari, ta kai wasu ƙasa, wasu suka kai ta. Karayar tsintsiyar hannu ce ta raba ta da fage. Daga nan ita da mijinta suka taho gabas da ƙafa, suna tsayawa cirar auduga.

Ranar ƙarshe na roƙi izinin sa sunanta. Ta ce, "Ɗan nan, labarin naka ne. Sunan kuwa jikokina ke amsa shi a garin nan. Yi mini alkawari."

Na kawo hujja, na kawo misali, na ce dambe ba sata ba ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Ta ce shayina zai huce. Na yi alkawarin.

Da na komo gida na karanta wa majalisa babin. Shugaban ya tambayi sunan, na ce amana ce. Ya ce ai kowace tatsuniya da "wata mata" take farawa. Suka cire shi, suka bar shafi huɗu a kan gyaran kwata.

Tafiyar nan ta koya mini cewa gaskiya ba ta isa ta shiga littafi ba sai mai ita ya yarda, masu littafin su yarda. Babin yana cikin akwatina. Sunan yana cikina, kuma da ni za a binne shi.