Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Tiyo yana ban ruwa a lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, har mutane sun manta sunansa na yanka. Gajere ne, ga faɗan tsiya. Taka masa ciyawa ka sha zagi, ko kai wane ne. Itatuwan lambun arba'in da biyu kuwa ya san su kamar 'ya'yan cikinsa, shi da Allah bai ba haihuwa ba.

Ɗakinsa na kwano yana kusurwar lambun, ƙarƙashin wani tsohon maɗaci. A nan matarsa take kwance shekara biyu da ciwon zuciya, numfashi sama-sama. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce babu abin da zai kashe baiwar Allah nan da wuri kamar zafi. To bana zafin ya wuce misali. Kwalta tana kama takalmi, tsuntsaye suna faɗowa daga wayar lantarki baki buɗe. A layin bayan kasuwa, inda aka sare itatuwa bara, tsofaffi uku aka kai makwanci a mako guda. Inuwar maɗacin nan ce kaɗai ta tare wa kwanon rana.

Wata Talata sai ga mutum biyu da hular kwano da gwangwanin fenti. Dama ana ta raɗe-raɗin za a gina wurin ajiye motoci. Suka zaga, suka auna, suka shafa jan fenti a jikin manyan itatuwa tara, har da maɗacin. Baba ya tambaye su, suka ce, "Umarni ne daga sama, Baba." Ya juya ya bar su. Me zai tambaya? A aikinsa jan fenti ma'anarsa ɗaya ce. Shi kansa da ja yake sa wa itacen da ya ruɓe alama kafin a kawo zarto.

Ya shiga ɗaki jiki a sanyaye. Matar ta ɗago kai da ƙyar.

"Malam, lafiya? Ka shigo kamar an aiko maka da mutuwa."

"Ba komai, tsohuwa."

"Ƙarya kake. Gemunka na rawa."

Tsoro ne ya cika shi, amma bai faɗa mata ba. Dabara ya nemo. Duk shekara yakan shafe gindin itatuwa da farar ƙasa saboda gara, babu wanda zai ga baƙon abu. Ya dama bokiti, ya ɗauki buroshi, kwana biyu yana shafa a cikin wannan uwar rana har hannunsa ya saɓule. Duka arba'in da biyun ya bi, taran nan kuwa shafi uku-uku ya yi musu, ko ɗigon ja bai bari ba. Har dariya ya yi shi kaɗai, wai bari su zo su nemi na sarewa. Kai, Baba!

Ranar Asabar da safe ya tafi asibiti karɓo mata magani, layi ya riƙe shi. Tun daga bakin titi ya jiyo kukan injin yanka itace. Ya sheƙa da gudu, takalmi ɗaya ya fice bai tsaya ba. Ya tarar ma'aikata sun sare maɗacin, sun ɗaure shi da igiya sun janye shi nesa da ɗakin, yana kwance a kan ciyawa, ganyensa bai ko yi yaushi ba.

Ya ci kwalar mai injin. "Wa ya ce ku taɓa wannan?"

"Haba Baba, sake ni. Ce mana aka yi akwai manya tara masu jan fenti, kada mu kuskura mu taɓa su, na inuwa ne. Sauran mu kwashe. Mun zaga sau biyu, wallahi babu ja ko ɗaya."

Baba ya sake shi. Ya durƙusa a gindin itacen, ya sa farce ya kankare farar ƙasar da ya shafa da hannunsa. Jan ya fito ɓaro-ɓaro.

Ƙarfe goma sha ɗaya bai cika ba, kwanon ɗakin ya fara ƙas-ƙas da zafi. Daga ciki muryar matar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Malam, kana nan? Zo ka gani, yau rana ta shigo har kan gado."