Ta ashirin da huɗu a lis

Kawuna ne ya kai sunana. Yana da shagon kayan miya a Guillotière, cikin Lyon, kuma 'yan siyasa kan tsaya wurinsa in zaɓe ya ƙarato. Wannan karon na majalisar jiha ne, masu kula da jiragen ƙasa na kurkusa da makarantun lise, wato manyan sakandare. Ya ce a wannan zaɓe ba mutum ake zaɓa ba, jerin sunaye ne, lis, kuma doka ta ce a jera namiji, mace, namiji, mace. Mace ɗaya suka rasa. Kujeru kuwa daga saman lis ake rabo, ba za a taɓa kaiwa ta ashirin da huɗu, inda za a sa ni, ba.

"Ɗiyata, suna kawai za ki ara musu."

A tsaye na sa hannu, jakar aiki a kafaɗa.

Bai gaya mini ana aika lis ɗin kowane gida cikin ambulan ba. Ni kuwa aikina shiga gidajen mutane ne, ina yi wa tsofaffi wanka. Wata Talata na fito daga ɗakin wata tsohuwa, sai na iske ɗanta ya tare matakala, takardar a hannunsa. Ya karanta sunana a hankali, gaɓa-gaɓa, har da na mahaifina. Ya ce ashe irinmu baƙi har mulki muke nema, kuma ya san taram, jirgin cikin gari, da nake shiga. Bai taɓa ni ba. Sai da ya ga dama ya matsa.

Na canza hanya. Na koma tafiya a ƙafa mai nisa, ina waige, ina isa gida ƙafafu a kumbure. Kawu ya ce in yi haƙuri, in aka haɗe lis da wata a zagaye na biyu ƙila a cire ni. Amma takardun sun riga sun shiga gidaje.

Ran Lahadin zaɓe, a wurin jefa ƙuri'a, na ɗauki takardar lis ɗinmu na shiga bayan labule. Na san in ka yi rubutu a kanta ƙuri'a ta lalace. Na ciro biro na soke sunana, na maimaita har takardar ta huje.

A ƙofa Kawu yana jira, yana murmushi.

"Hajiya kansila, kin zaɓi kanki?"

Na ce masa ƙafata ke ciwo, mu tafi gida. Har yau in na hau matakalar gidan wani, sai na leƙa sama tukuna.